Bakan 1971: Yadda Gyaransa Ke Tafiya

Asabar, 14 ga Oktoba, 2023

Yau na shigo gida da baka. A nan jihar Mishigan ta Amurka akwai wata al'ada da har yanzu ban gama sabawa da ita ba: idan tsoho ya rasu, sai magada su buɗe gidansa kwana biyu ko uku, su liƙa wa komai farashi, tun daga cokali har gado, kowa ya shigo ya zaɓa. Teburin karatu na je nema wa yara. A garejin gidan, bayan injin yankan ciyawa, na hango shi an jingine a lungu, ƙura ta rufe shi, ba tsarkiya. Dala 60 aka rubuta a jikinsa. Ban ko taya ba, na biya.

Irin bakan nan ne mai lanƙwasassun kunnuwa, wanda ƙarshen kowane reshe ke juyawa gaba. Mariƙinsa jan katako ne mai duhu, da ratsin wani katako mai zane-zane a tsakiya. Rassan kuwa siraran yankan katako ne guda biyu aka manne, aka rufe su ciki da baya da faibagilas ruwan ƙasa. Da na goge ƙurar reshen ƙasa da gefen rigata, sai rubutu ya fito, rubutun hannu da baƙar tawada: tsawo inci 60, nauyin ja laba 47 a inci 27, shekarar 1971, sai sunan wanda ya ƙera, sai kuma kalmomin da ke cewa an yi shi ne musamman don wane. Wanen nan shi ne mai gidan da ya rasu. 'Yarsa ce ta karɓi kuɗin, ta ce tun tana ƙarama ba ta sake ganin ya ɗana shi ba.

Ba zan rubuta sunayen ba, nasu ne. Abin da ya kama ni shi ne lambar 27 ɗin nan. Bakan kanti a inci 28 ake auna shi, don shi ne ma'aunin da aka tsayar wa kowa. Wannan kuwa wani ya tsayar da mutum a gabansa, ya auna iyakar inda hannunsa ke kaiwa idan ya ja, ya ƙera masa daidai jikinsa, kamar yadda tela ke auna mai babbar riga. Niyyata in gyara shi har ya sake harbi. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Shekarata guda da rabi ina zuwa wani ƙaramin kulob na masu harbi da baka a bayan gari, da bakan aro nake koyo. Akwai wani dattijo a can, tsohon ma'aikacin masana'antar mota, ya haura saba'in da biyar, shi ake kai wa duk wani tsohon baka ya duba. Na kai masa nawa.

Kafin ya ce komai ya tambaye ni, "Ka ɗana shi?" Na ce a'a. Ya ce na kyauta, don da yawa a ranar farko suke karya irin wannan. Baka ya shekara arba'in yana barci, mutum ya zo ya ja shi har kunne, sai dai ka ji ƙara.

Ya ɗauko ɗan ƙullin auduga ya bi da shi a kan kowane reshe, sama da ƙasa, a hankali. Duk inda faibagilas ɗin ya tashi ko da kamar gashi ne, auduga za ta maƙale. Ta maƙale wuri biyu a reshen sama. Ya kai shi bakin taga ya karkata shi ga haske, ya nuna mini wasu siraran layuka farare da ke bin tsawon reshen. Ya ce waɗannan ba su ba shi tsoro, tsufa ne, ana cike su da gam. Wanda ake gudu shi ne tsagin da ya gitta reshe, ko inda gam ya saki tsakanin katako da gilashi. Ya bi gefen rassan da farce, ya ɗan lanƙwasa su a gwiwarsa yana kasa kunne. Shiru. Ya ce, "Yana da rai."

Sai dai akwai aibu ɗaya. Ya sa wata tsohuwar tsarkiya tasa ya ɗana shi da igiyar ɗanawa, ya riƙe shi ya hango daga kunne zuwa kunne kamar mai duba miƙewar gora. Tsarkiyar ba ta kwanta cikin kwarminta a reshen ƙasa ba, ta goce hagu da kusan kaurin tsinken ashana biyu. Reshen ya murɗe. Dalilin a fili yake, jinginar da aka yi masa a lungu, duk nauyinsa a kan kunne ɗaya, rani da damina, zafin gareji da sanyinsa. Baka kwantar da shi ake yi a kan turaka biyu, ko a rataye shi, kuma ba a barinsa cikin mota ko saman rufi lokacin zafi don gam yana saki.

Na tambaye shi ko ya san wanda ya ƙera. Ya karanta sunan sau biyu, ya ce ya taɓa ganin bakuna biyu ko uku da wannan sa hannu, mutum ne da ke aiki a bayan gidansa, bai taɓa buɗe kanti ba. Ya ce irinsu sun yi yawa a wancan zamani, kowace jiha da nata.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Ban taɓa bakan ba wannan makon, wanke shi kawai na yi da tsumma da ruwan sabulu kaɗan. Da datti ya fita sai katakon ya bayyana. Jan nan bubinga ne, ratsin kuwa katakon da ake kira mai zanen jakin dawa. Dukansu daga dazukan Kamaru da Gabon ake saro su. Na daɗe ina jujjuya mariƙin a hannuna da na gane haka. Itacen da ya tsiro a maƙwabtanmu ya hau jirgin ruwa, ya shiga hannun wani Ba'amurke a bayan gidansa, ya yi shekara hamsin da biyu, yau ga shi a hannun Bahaushe. Masu ƙera baka na shekarun 1960 sun so katakon Afirka ƙwarai saboda nauyinsa da kyan zanensa, mariƙi mai nauyi yana shanye girgizar harbi. Siraran katakon cikin rassan kuwa mefil ne, na nan ƙasar.

Duk wanda ya shiga wannan harka a Mishigan sai ya ji sunan Fred Bear, shahararren mai masana'antar ƙera baka. A Detroit ya fara, a 1947 ya mayar da masana'antarsa garin Grayling da ke arewacin jihar, ta zauna can har 1978 da aka kwashe ta zuwa Gainesville a Fulorida. Ya rasu a 1988. Mutanen nan suna faɗin "na Grayling ne" kamar yadda mu ke cewa fata ta Sakkwato ce. Amma ko a cikin masoya Bear, abin da suka fi daraja shi ne bakunan farko da wani gwani mai suna Nels Grumley ya sassaƙa da hannu yana sa sunansa a jiki, kafin aikin ya koma na inji. Wato ko a gidan da ya shahara da yawan ƙira, hannun mutum ɗaya ake nema.

Shekarar da ke jikin nawa tana da nata labari. A Disambar 1969 aka ba Holless Allen takardar mallakar fasahar baka mai tayoyi, wanda ke sauke wa mai ja yawancin nauyi idan ya kai ƙarshen ja. Cikin shekaru kaɗan ya cinye kasuwa. Mafarauta suka jingine tsofaffin bakunansu, ƙananan maƙera da yawa suka daina. Ina zaton abin da ya kai nawa lungun gareji ke nan: an yi shi a 1971, bai jima yana aiki ba zamani ya juya masa baya.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na fara gyaran murɗiya. Yadda dattijon ya koya mini: a sauke tsarkiya, a zuba wa reshen ruwan famfo mai zafi, wanda hannu zai iya jurewa, na 'yan mintoci, sannan a kama mariƙi da hannu ɗaya, kunne da ɗaya, a murɗa shi ta kishiyar inda ya karkata, a ɗan wuce daidai, a riƙe a haka a sakar masa ruwan sanyi. Ya gargaɗe ni kada in kusanto da na'urar hura zafi, garin gyaran gira a rasa ido.

A bahon wanka na yi aikin. Maiɗakina ta riƙe mini mariƙin don hannu biyu ba su isa ba. Sau uku muka yi. Da na ɗana shi da tsarkiyar aro, na ɗan ja kamar taƙi ɗaya na mayar a hankali, tsarkiyar ta faɗa cikin kwarminta daram. Na maimaita sau goma, ba ta goce ba. Na kafa turaka biyu a bangon ɗakin ƙasa, nesa da bututun ɗumama gida, na kwantar da shi.

Asabar, 9 ga Disamba

Murɗiyar ta dawo. Ba ta kai ta da ba, amma ta dawo. Raina ya ɓaci har na kasa cin abincin dare yadda ya kamata. Dattijon ya ce abin da ya shekara arba'in yana karkata ba ya miƙewa a wanka ɗaya. Na sake yi, zan kuma sake duk mako har ya haƙura.

Asabar, 30 ga Disamba

Sau huɗu ke nan, kuma kwana goma sha ɗaya yana nan a miƙe. Na wuce zuwa fata.

Tsohon banishin ya yi rawaya, ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Na bi shi da sanfefa mai laushi, da hannu, ba inji, ina bin tsawon reshe kawai. Faibagilas ba a cinye shi, duk abin da ka goge daga jikinsa ƙarfin baka ka rage. Da zarar ƙurar ta daina fita rawaya ta fara fita fara sai in tsaya. Layukan nan da auduga ta kama na ɗiga musu gam mai ruwa-ruwa mai saurin kamawa, na ga yana bin tsagin da kansa yana shigewa, na bari ya kwana, na goge saman.

Wurin rubutun ne ya fi cin lokaci. Tawadar tana kwance ne a ƙarƙashin banishin, in ka zurfafa kaɗan ta tafi har abada. Na zagaye shi da tef, na bar tsohon banishin wurin yadda yake, na ɗan dusashe gefensa kawai don sabon ya kama. Zai fito da ɗan bambancin launi, kamar faci. Na yarda da hakan. Na ga waɗanda ke kankare komai su sake rubutawa da alƙalaminsu don ya yi kyau a hoto su sayar da tsada a intanet, ni dai a wurina wannan cin amana ne. Rubutun mutumin da ya riga mu gidan gaskiya ba naka ba ne da za ka kwaikwaya.

Akwai kuma wani ɗan kwarmi a mariƙin, inda babban yatsa ke zama. An sassaƙa shi don hannun da bai kai nawa girma ba, kuma gumi ya sa wurin ya yi duhu fiye da sauran. Da zarto na minti biyar zan iya faɗaɗa shi ya dace da ni. Na ɗauko zarton, na ajiye. Hannuna ne zai koyi zama a wurin.

Sabon shafin da man da ake shafa wa katakon bindiga nake yi, da ɗan yatsa, siriri, a bar shi ya kwana, a ɗan goge, a ƙara. Yau na yi na biyu. Ina so in kai takwas.

Lahadi, 28 ga Janairu, 2024

Jiya muka je garin Kalamazu, wurin taron masu bakan gargajiya da ake yi duk ƙarshen Janairu. Dattijon ya ja mota, dusar ƙanƙara a gefen hanya. Na tafi da bakan a cikin wata doguwar jaka da maiɗakina ta ɗinka daga tsohon bargo.

Gani ya kori ji. Babban zaure cike da tebura, maƙeran zamani da sababbin bakunansu a gefe ɗaya, masu tsofaffi a wani gefen, kuma a wajen tsofaffin ne mutane suka fi cunkoso. Na ga Kodiak na 1959, wanda masoya Bear ke ɗauka a matsayin gwarzon ƙirarsu. Na ga Black Widow na farko-farko, aikin 'yan'uwan nan Wilson da suka fara a Misuri a 1957. Na ga dogayen bakuna miƙaƙƙu na gora irin na shahararren maharbin nan Howard Hill, siraran gaske, ka ce sanda ce. Wani ya zo da baka yana murna wai na 1953 ne don ya ga shekarar a jiki. Mai teburin ya yi masa bayani cikin mutunci cewa wannan shekarar rajistar fasaha ce, Bear ya yi ta buga ta a jikin bakuna kusan shekara ashirin bayan nan. Mutumin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce to ai har yanzu yana harbi. Kowa ya gyaɗa kai.

Wannan maganar ita ce na fi ji a zauren: yana harbi? Ba a fara tambayar kuɗi. Mutum zai ɗauki baka, ya hango miƙewarsa, ya shafa inda mariƙi ke sirancewa ya shige cikin reshe, don a nan ake gane gwani, sannan ya nemi izinin mai shi kafin ya ja. Ba a jan bakan wani sai an tambaya, kuma ba a sakin tsarkiya ba kibiya, don ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar cikin rassan zai koma ya farfasa su.

Akwai masu tarawa su jera a bango, ba sa ɗanawa. Ban ga laifinsu a kan wanda ya tsufa ƙwarai ko ya zama guda ɗaya tak a duniya ba. Amma baka mai lafiya a rataye shi don kallo, ina jin tausayinsa kamar doki a turke shekara da shekaru.

Da na fito da nawa, wani mai farin gemu ya karɓa, ya karanta sa hannun, ya kira abokinsa. Suka shiga gardama a kan ko maƙerin ya koyi aiki a Grayling ko da kansa ya koya, kowa na nuna wata alama a yadda aka fere kunnuwan. Ba su daidaita ba. Mai gemun ya ga facin da na bari a kan rubutun, ya sa yatsa a wurin, ya dube ni ya ce haka ake yi. Ya taya dala 300. Na ce ba na sayarwa ba ne, ya ce da ma ya sani, gwadawa ya yi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Shafi takwas sun cika, katakon yana ɗaukar ido ba tare da ƙyalli irin na roba ba. Saura tsarkiya.

Na yi oda daga wani mai sayarwa a intanet, na rubuta masa ɓaro-ɓaro cewa ta zaren Dacron nake so, na tsohon baka. Abin da ya iso siririya ce mai tauri, irin ta zamani da ba ta miƙewa. Allah ya sa na nuna wa dattijon kafin in ɗana. Irin wannan tana ƙara wa kibiya gudu, amma kunnuwan tsofaffin bakuna ba a ƙarfafa su don ita ba, tana iya yanka kwarmin kamar zare a sabulu, ko ta tsaga reshen. Dacron yana ɗan bayarwa idan an saki, wannan bayarwar ce ke kare tsohon gam. Na mayar masa da kayarsa.

Muka zauna muka tufka da kanmu. Zaren Dacron samfurin B-50, sili 14, kashi biyu, bakwai baƙi bakwai ruwan ƙasa, kowane kashi an sha shi da kakin zuma, a murza kowanne ta dama a haɗa su ta hagu. Hannuna ya gane aikin kafin kaina, don haka muke tufkar igiyar rama muna yara. Dattijon ya lura, ya ce wa ya koya mini. Na ce kakana. Tsawonta ya zo wajen inci 56. Tazarar tsarkiya da mariƙi na sa ta inci bakwai da rabi, a bar shi a ɗane ya kwana don sabuwar tsarkiya sai ta saki jiki.

Asabar, 9 ga Maris

Tun ranar tufkar nan kakana bai fita raina ba. Maharbi ne, a ƙauyenmu da ke ƙasar Ningi. Ina tuna bakansa a soke a jikin jinkar ɗakinsa, hayaƙi ya mayar da shi baƙi wuluk, da kwarinsa na fata da aka hana mu ko kusanta saboda dafi. Ban taɓa tambayar inda ya shiga ba. Yau na kira kawuna.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali na ce, "Kawu, wai ina bakan Baba Tsoho?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, kana can ƙasar Turawa me ya tuno maka da baka?" Na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce bayan rasuwar tsoho ɗakin ya rushe da damina, ba wanda ya kula, gara ta gama da shi. Kwarin ma haka. Kan kibau biyu ko uku na ƙarfe ne kawai yake jin suna nan a wani tsohon akwati.

Na ce ya gaya mini duk abin da ya tuna. Ya ce itacen dargaza ne. Ba tsoho ne ya sassaƙa ba, wani ne a ƙauyen gaba da duk maharban yankin ke zuwa wurinsa, kuma ba ya yi wa mutum baka sai ya gan shi ido da ido, ya sa shi ya ja nasa ya ga ƙarfinsa. Tsarkiyar fata ce murɗaɗɗiya. Kibau na kyauro, ba gashi a gindinsu, maƙeri ya yi kan, dafin kuma na kwankwani ne, tsoho ke dafa abinsa a bayan gari ba ya bari a gani. Duk bayan kwana biyu sai ya shafe bakan da man kaɗanya.

Na ce, "Kawu, mai sassaƙar nan, sunansa fa?" Ya yi ta lalube bai tuna ba. Ya ce zai tambayi Sarkin Baka in sun haɗu a kasuwa.

Bayan mun ajiye waya na sauka ɗakin ƙasa na zauna gaban bakan. Wanda ya yi wannan ya rubuta sunansa da shekara, shi ya sa mutum biyu da ba su san shi ba suka tsaya gardama a kansa a Kalamazu. Namu gwanin ya yi aiki iri ɗaya, ya auna mutum ya yi masa daidai shi, ga shi jikan wanda aka yi wa yana neman sunansa. Kuma ba ƙaramin abu ba ne baka a tarihinmu. A Tafkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne suka tsaya wa jama'ar Shehu gaban dawakin Gobir. Na gaya wa dattijon wannan a kulob, ya ce yana so ya ga irin bakan. Ban da abin nuna masa.

Azumi ya ƙarato, zan dakata da harbi sai bayan salla. Kullum da yamma dai zan ɗana shi in ja kaɗan, yau inci goma, bayan kwana uku sha biyu, a hankali har ya tuna aikinsa.

Asabar, 13 ga Afrilu

An sha salla lafiya. Yau ya yi harbi.

Da farko mun rataye shi a sikeli. A inci 27 ya nuna laba 46, wato laba ɗaya kacal ya rasa daga abin da maƙerin ya rubuta shekara 53 da suka wuce. Dattijon ya buga tebur don daɗi. Ni jana ya kai inci 29, a nan ya nuna 51, kusan kilo 23, kuma daga 28 zuwa sama ana jin yana taurara da sauri, kamar yana cewa nan ne iyakata. Muka yi shawara. Ya ce zai iya ɗauka, amma in ina so ya daɗe kada in matsa masa. Na sauya inda nake tsayar da hannu, daga bayan muƙamuƙi na dawo da ɗan yatsa kusurwar baki, na ɗan sassauta gwiwar hannun hagu. Jan ya dawo wajen 28.

Kibau na katakon sida ne da ake kawowa daga Oregon, da gashin talotalo, kowace wajen giram 33. Da gangan na zaɓi masu nauyi, kibiya mai nauyi tana kwashe ƙarfin duka ta bar wa rassan sauƙi.

Na tsaya yadi 10 daga damin ciyawa. Na yi bisimilla, na ɗana, na ja. Yatsana ya faɗa cikin kwarmin nan na mamacin, ya ɗan matse ni, sai na ga in na bar hannuna ya karkata yadda wurin ke so, bakan da kansa yake kwantawa dama kaɗan, idona ya hau kan kibiyar sosai. Haka mai shi yake riƙewa ke nan. Na saki. Ba ƙara, wani ɗan gunji ne mai taushi, sai tsit, kibiyar na rawa a cikin damin. Hannuna bai ji girgiza ba ko kaɗan. Bakan aron da na saba da shi yana dukan tafin hannu kamar an buga ƙofa.

Kibiya shida na harba na tsaya. Muka bi rassan da auduga, ba ta kama ko'ina ba. Tsarkiya tana cikin kwarminta. Dattijon ya ce in ba shi. Ya harba uku a yadi 20, duka suka taru wuri ɗaya da za a rufe da faifai. Ya miƙo mini bai ce komai ba, idonsa ya kawo ruwa.

Asabar, 4 ga Mayu

Yanzu kibiya 30 nake harbawa a zama ɗaya, sau biyu a mako. Tsarkiyar ta saki kaɗan, na ƙara mata murɗi shida, tazarar ta koma inci bakwai da kwata uku, a nan ya fi yin shiru. Murɗiyar reshen ƙasa ba ta dawo ba, amma ina dubawa duk lokacin da na ɗana da lokacin da na sauke. A yadi 15 ina tara su, a 20 har yanzu suna gocewa hagu, laifin sakina ne.

Na bi ta gidan da na saye shi, an riga an sayar, amma maƙwabciyarsu ta karɓi hoton bakan da 'yar takarda ta ce za ta aika wa 'yar mamacin. Shekaranjiya amsa ta zo: wani tsohon hoto, saurayi gajere mai faɗin kafaɗa a bakin daji, riƙe da bakan nan a karkace dama, daidai yadda ya tilasta mini riƙe shi. Na sa hoton a cikin jakar bargon.

Kawu ma ya kira. Sarkin Baka ya tuna sunan mai sassaƙar, kuma ya ce akwai wani jikansa da har yanzu yake yi wa mafarauta, can wajen dutse. Na rubuta sunan a bayan wannan littafi. Na roƙi Kawu ya kai masa goro ya tambaye shi ko zai yi mini ɗaya na dargaza. Saƙon da ya dawo shi ne ba ya yi wa wanda bai gani ba, sai na zo da kaina. Hutuna na Disamba ne. Na ce wa Kawu ya ce masa ya saro itacen tun yanzu ya ajiye ya bushe, ya kuma nemo mini kan kibau ɗin nan na cikin akwati.